Kayan Matar da ta Mutu Cikin Taurari

Ban taɓa riƙa alƙalami ba, amma ku tambaya a Aliero, duk rumfar da mata ka tsintar albasa an san muryata. In anka sauko da albasa daga rudun da aka ajiyarta muna fidda ruɓaɓɓu, ni ka ba da labari, hannuwa na aiki, kunnuwa na wurina. Har daga Kashin Zama mata kan zo ƙodago don su zauna kusa gare ni.

Shekarar da anka ce mun zama jihar Kabi, ɗan yayana mai fataucin albasa yas sawo talabijin a Jega. Shi ke nan rumfa tal lalace. Akwai wani wasan turawa da aka nunawa bayan la'asar ran Talata: wani tsoho mai jirgi shina yawo cikin taurari da abokan tahiya biyu, namiji da mace, wasu mutanen ƙarfe na bin su. Ba mai jin turanci sai matar ɗan nawa, da tay yi makaranta a Jega. In gari ya waye ita aka kewayewa. Ni ko in na buɗe baki, sai wata ta ce, "Dakata, Inna, labarinki na ƙasa, namu na sama." A bushe da dariya.

Wata biyu ina tsintar albasa shiru, kamar wadda anka yi wa asirin ɗaure baki.

Rannan nic ce bari in ga abin da yak ƙwace mini mata. Nis samu wuri bakin ƙofa. Ashe ranar ce mutanen ƙarfe sunka ɗaure jirgin da sarƙa. Macen taf fita waje tak kwance sarƙar, wuta tat taso tac cinye ta, jirgi yak kuɓuta. Tsohon yat tsaya yad dubi kujerarta, yad danna wani abu, sunka wuce. Sai rubutun ƙarshen wasa yah hau.

Wata 'yar Sabiyal tac ce, "To, sai mi?"

Matar ɗana tac ce, "Ya ƙare. Mako mai zuwa wata tauraruwa za su."

Washegari rumfa ba daɗi. Wagga na ƙunci, waccan na jifa da albasa mai kyau cikin ruɓaɓɓu. 'Yar Sabiyal tac ce ko tuwo ba ta iya ci ba, an bar baiwar Allah kamar akuyar da mota tat take.

Nic ce, "Kayanta fa? Wa yak kai su gida?"

Matar ɗana tac ce, "Gwaggo, ba a nuna ba."

"Ba a nuna ba, ko ke ce ba ki gani ba?"

Na san abin da nike faɗi. Maigidana a Kurmi, can kudu, yar rasu, ya kai albasa. Abokin tahiyatai ɗan Maiyama bai biya gidansu ba sai da yaz zo ƙofarmu da hula da buta da tasbaha ƙunshe cikin rawani, yaz zauna yaf faɗi yadda anka yi, da wanda yay yi wanka, da gindin icen da anka rufe shi. Haka aka yi. Wanda kunka fita tare, kai ka mai da kayanai, kai ka ba da labarin ƙarshenai.

Sai nig gyara zama nif fara labari. Nis sa tsohon nan yaj juya jirgi. Nis sa shi yan naɗe mayafinta da takalmanta, yab bi taurari ɗaya ɗaya shina tambayar garinsu. Nis sauke shi bayan gari, don ba a shiga da jirgi ƙofar gidan makoki. Yay yi sallama sau uku. Uwar taf fito tag ga ƙunshi, ba ta ga ɗiya ba. Yad durƙusa yac ce, "Inna, ɗiyarki ba ta gudu ba. Da hannunta tak kwance mu." Uwar tac ce, "Ta sha ruwa kahin ta fita?" Yac ce ta sha.

Nan 'yar Sabiyal taf fashe da kuka, sauran sunka bi. Matar ɗana ma tana share hanci, wai albasa ce.

Nic ce, "Wagga albasa shekara nawa muna tsinta, ba ta taɓa sa ki hawaye ba."

Ban tsaya ba sai da nik kai su sadakar uku, anka raba gumba, tsohon yay yi bankwana. Azahar tay yi ba wadda tat tashi.

Talatar da taz zagayo duk sun tahi kallo, ban hana kowa ba. Ran Laraba ina isowa nit tarar an shimfiɗa mini tabarma tsakiyar rumfa. Matar ɗana tam matso tac ce, "Gwaggo, jiya sun sauka wata tauraruwa mai ƙanƙara, sun ɗauki sabuwar abokiyar tahiya. Ni zan faɗi abin da anka nuna, ke ki faɗa muna sauran."

Nic ce, "Fara. Amma ki taƙaita, nawa da tsawo."