Zulfa da Ƙafar Baba Sha'aibu

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza na asibitin da Zulfa Ya'akubu ke aiki a Lafiya ya san ta. Gajeriyar nas ce mai saurin tafiya, wadda ba ta iya kewaye-kewaye ba. In ka tambaye ta abin da likita ya rubuta, sai ta jawo kujera ta zauna ta faɗa maka ɗaya bayan ɗaya. Dangin marasa lafiya kan yi gunaguni, wai bakinta ba shi da linzami. Amma ba haka ta taso ba.

'Yar Kwandere ce, ubanta manomin doya. Shekara tara ta yi tana sayar da man gyaɗa a kasuwa, sai da ta yaye ɗanta na uku sannan ta shiga makarantar koyon jinya, tana da shekara talatin da ɗaya. 'Yan ajinsu Mama suke ce mata. Ita kuwa ta ƙudurta sai ta nuna wa yaran nan cewa mai man gyaɗa ma tana da kai. Ta kuwa nuna musu, har abin ya so ya yi yawa.

A shekararsu ta biyu wani malaminsu, Mista Iorhemba, ya raba musu takarda mai tambayoyi talatin. Bincike yake yi, wai yana son ya auna yadda zuciyar ɗalibi ke gane daidai da rashin daidai a gaban mara lafiya. Yadda ake auna zuciya da biro, Allah masani. Kowace tambaya za ka ba ta lamba daga ɗaya zuwa bakwai. Da Zulfa ta zo kan wadda ke cewa mara lafiya yana da haƙƙin sanin gaskiyar ciwonsa ko da danginsa ba sa so, sai ta danna bakwai har biro ya kusa huda takardar.

"Mama ne ya wuce kowa," in ji Mista Iorhemba da ya dawo da sakamako. Sau uku ta ba mijinta labarin, bawan Allah yana ta gyaɗa kai.

Ba a yi wata guda ba aka tura su asibiti koyon aiki, can ta tarar da Baba Sha'aibu a gado na huɗu. Aminin mahaifinta ne, shi ya ba da aurenta bayan rasuwar uban. Ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu, likita ya ce sai an yanke ta ƙasa da gwiwa. Babban ɗansa Sharhabilu ya riga ya sa hannu a takarda. Shi ya tare ta a baranda.

"Zulfa, don Allah kar Baba ya ji. Mun ce mashi wankewa za a yi. In ya ji zai ce a maida shi gida, kin san halinshi."

Da safen ranar da za a shiga tiyata ta zo auna masa jini. Tsohon ya riƙe mata hannu.

"'Yar Ya'akubu, yaran nan sai ƙus-ƙus suke yi. Ke kin yi karatu. Me za a yi mini?"

Sharhabilu na tsaye a ƙarshen gado, ya kafa mata ido. Ta dubi na'urar da ke hannunta kamar ranar ta fara ganinta.

"Wankewa ne kawai, Baba."

"To, tunda ke kika faɗa," in ji shi, ya sake ta.

Aka yanke ƙafar. Kwana biyu tana roƙon wata ƙawarta su yi musanyar aiki, ta ɓuya a ɗakin mata. Kunya ta hana ta ko bin ƙofar ɗakin mazan, abinci ma da ƙyar take ci. Rana ta uku ya aiko a kira ta.

Ta shiga tana fatan ya zage ta, don da zagi ya fi mata sauƙi. Bai zage ta ba. Ya nuna mata kujera, ta kasa zama, ta durƙusa a ƙasa da fararen kayanta.

"Da kin gaya mini ma, da na yarda," ya ce. "Ni ba yaro ba ne. Shekara saba'in ƙafar nan tana kai ni gona, tana kai ni masallaci. Da na sani, da na roƙi ruwa a buta na yi alwala da ita, na wanke ta da hannuna kafin a tafi da ita."

Ya dubi inda ƙafar take a da, ya ci gaba.

"To yanzu gaya mini wannan, 'yata. Na tambayi yaran, kowa sai ya sunkuyar da kai. Ina aka kai ta? An binne ta kuwa?"

Ba ta sani ba. Ko tambaya ba ta yi ba.