Ƙashin da Inna Ba Ta Zubarwa

Agogon bango a kwalinsa. Takardar yabo cikin gilashi. Tukunya mai hannu ɗaya. Ludayi. Ƙaramar guduma. Farin ƙyalle huɗu a ninke. Baƙar leda ɗauke da ƙasusuwan talotalo uku. Abin da muka fito da shi ke nan daga asibiti ranar Asabar da aka sallami Inna daga aiki, bayan shekara ashirin da tara a kicin. Ni nake tuƙi. Agogon da takardar ta ce a jefa su a but ɗin mota. Ledar kuwa a cinyarta take, ta dafe ta da hannu biyu.

"Taka motar nan, Malama," ta ce. "Awa biyu ke nan da aka yanke naman. Ƙashi ba ya jiran kowa."

Ba don cikinta take sauri ba. A ɗakin mata, gado na huɗu, akwai wata uwar 'ya'ya uku da aka yi wa aiki a maƙogwaro kwana tara da suka wuce. Ba abin da ke wuce mata sai romon Inna. Likita ya ce in ba ta ci gaba da sha da bakinta ba zuwa Litinin, za a zura mata roba ta hanci. Daga ranar Asabar ɗin nan kuma an hana romon a kicin ɗin asibiti.

Inna ba ta haifi kowa a asibitin ba. Haka dai kowa ke kiranta, daga maigadi har likitan da ya girme ta. A takarda aikinta wanke tukwane ne, mataki na ƙarshe, wanda babu wani a ƙasansa. Ƙarfe shida na safe take shigowa. Ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗaura gaba, ta fara da manyan tukwanen jiya. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke ta ta yi. Wanda ya sa nake rubutun nan ba wanda ya sa ta.

A saman bene akwai ɓangaren masu hali. Talata da Asabar ana gasa musu talotalo. Kuku ya yanke naman a kan katako, ya jera a faranti, gangar ƙashin ta rage tsirara. Da, shara take tafiya. Tun shekararta ta farko Inna ta fara hawa benen da kwano, tana tsayawa a gefen katakon har kuku ya gama. Ba ta taɓa ɗaukar ƙashi daga farantin wani ba. "Wanda baki ya taɓa ba ya shiga tukunyata," haka take faɗa, ba ta ƙarawa.

In ta sauko, sai ta mayar da ƙasusuwan cikin tanderu har su yi ja. Ta fasa manyan da guduma don ɓargo ya samu hanya. Ta zuba su a ruwan sanyi, ba mai zafi ba, ta matsa rabin lemun tsami. Albasa da ɓawonta, karas biyu, ɗan citta. Wuta ƙasa-ƙasa. Ba ta yarda tukunyar ta tafasa da ƙarfi; so take ta riƙa numfashi kawai, ƙwayar kumfa ɗaya nan, ɗaya can. Tana wanke-wanke tana waiwaye, in kumfa ta taru ta kwashe da ludayi. Awa bakwai. Sannan ta tace da farin ƙyalle sau biyu, ta bar shi ya huce, ta sa a firji. Da safe kitsen ya daskare a sama, ta ɗebe shi da cokali, ta ɗumama abin da ya rage. Ruwa ne garai-garai, launin zuma, kana hango gindin kofi.

Gishiri ba ya shiga tukunya. A kofi take sa shi, gado-gado. Inna ba ta karatu, don haka kowace safiya sai ta tare babbar nas a bakin ɗaki: "Wa aka hana gishiri yau?" Kofin wanda aka hana, ta ɗaura masa jan zare a hannu. Babbar nas ta ce mini a shekara goma sha takwas da suka yi tare, ba ta taɓa kama Inna da kuskuren kofi ba. "Mu masu karatun ma mun sha rikita magani," in ji ta.

Ƙarfe goma take zagayawa da tire. Tsofaffin da haƙora suka gudu suka bar su. Waɗanda magani ya sa ko ƙamshin abinci na tayar musu da zuciya. Wani direban babbar mota da aka ɗaure wa muƙamuƙi da waya bayan haɗari ya yi sati shida yana zuƙar romon ta bututun roba. Har yanzu in ya biyo ta layin sai ya tsaya ya danna ham sau uku. Akwai likitan ƙashi da yake kiran romon "ruwan wankin kwano" a gaban ɗalibansa. Ƙarfe goma da rabi za ka same shi a bakin kicin da kofinsa.

"Likita, yau ma wankin kwanon ne ya kawo ka?"

"Dubawa na zo yi, Inna, kada ki kashe mini mutane."

"To duba da kyau. In ƙara maka?"

Ni ce na fara kashe tukunyar nan, gara in faɗa da kaina. Shekara bakwai da suka wuce na dawo daga karatu a wata ƙasa mai nisa, inda ko ruwan sha sai an buga masa kwanan wata. Aka ba ni kula da abincin marasa lafiya. A satin farko na buɗe firji na ga kwanon ƙasusuwa. Ban tambayi kowa ba, na juye shi a shara. Na hau ofis na rubuta dokokin kicin guda ashirin. Ta goma sha huɗu ta ce ragowar abinci kowane iri ba ya komawa tukunya. Shugaban asibiti ya yaba, aka buga, aka manna a bango da sa hannuna a ƙasa.

Inna ta sa aka karanta mata. Ta dube ni ta ce, "Malama, kin tambaya daga ina suka fito?"

Ban tambaya ba. Na ɗauka tarkacen faranti ne.

Kwana huɗu babu romo. A ɗakin maza akwai wani tsohon tela a gado na tara. Muka kai masa miyar gari ta leda, wadda ake kaɗawa a ruwan zafi. Ya kurɓa sau ɗaya ya juya fuskarsa bango. Rana ta huɗu aka zura masa roba ta hanci, mutum biyu na danne masa hannuwa. Ina tsaye a wurin da fayil ɗina. Da aka gama, ya nemi babbar nas da ido, ya ce da muryar da ta rage masa, "Inna ta rasu ne?"

Da yamma na sauka kicin. Ban iya ba da haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ta miƙo mini guduma ta ce, "Fasa nan, ba nan ba. A can ba a koya muku inda ɓargo yake ba?" Ranar Laraba romo ya dawo. Telan ya ƙara sati uku a duniya, yana sha da cokali ta gefen robar.

Amma ban cire dokar ba. An riga an yabe ni a kanta, kuma cire ta na nufin in hau bene in ce na yi kuskure. Sai na riƙa kawar da kai. Shekara bakwai Inna tana dafa romonta a ƙarƙashin takardar da ta haramta shi, ludayinta ma a ƙusar da ke gefen takardar yake rataye. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba.

Bana aka ba wani kamfani kicin ɗin. Manajansu ya zagaya da ɗan littafinsa, ya tsaya a gaban dokokina ya karanta har ƙasa. Ya ce ya daɗe bai ga tsari mai kyau irin wannan ba, kuma daga ranar da za su karɓi aiki za a bi shi harafi-harafi. Tukwane kuma inji zai riƙa wankewa. Aka duba fayil ɗin Inna aka ga shekarunta sun kai.

Ranar Asabar da azahar aka yi mata walimar sallama a ɗakin taro. Talotalo uku aka gasa, irin na saman bene, wanda a shekara ashirin da tara ba ta taɓa ɗanɗana namansa ba. Shugaban asibiti ya yi jawabi. Ya ce baiwar Allah nan ta sa tukwanenmu suna ƙyalli kamar madubi. Ya ce tsafta ita ce tushen lafiya. Sau biyu yana duba takarda kafin ya kira sunanta. Romo bai fito a bakinsa ba, don bai san da shi ba. Aka miƙa mata agogo da takardar yabo, aka ɗauki hoto, aka yi tafi.

Ana cikin ci sai na ga ta tashi ta nufi teburin yanka. Ta zaro leda daga ƙugunta. Manajan ya tare ta, da murmushi, da murya yadda kowa zai ji.

"Haba Mama, bar wannan, shara ce. In nama kike so a kai wa jikoki, sai a ƙunsa miki."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Likitan ƙashi ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Ni ma na kawar da kai.

"Ɗana, naman naku ne," Inna ta ce. "Ni sharar nake so."

Ta kwashe gangar ƙashin duka ukun ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har da wuyan da ya faɗa gefen katako. Ta ƙulle ledar. A bakin get maigadi ya ce an ba shi umarnin duba kayan duk wanda ya bar aiki. Ya leƙa ledar, ya mayar ya ƙulle. "Ban ga komai ba, Inna. Gobe akwai?"

Inna, ke ce kika ciyar da waɗanda abincin asibiti ya gagara, da abin da asibitin ya zubar. Ke ce kika san gadon da aka hana gishiri alhali wanda ya rubuta hanin ya manta. Ke ce mai jan zare. Ba ki da lambar yabo a bango, ba ki da suna a rahoton shekara, kuma mutanen da za su yi miki shaida rabinsu suna ƙasa. Mun gode. Na san godiyar ta zo a makare, kuma daga bakin da ya yi shiru lokacin da ake miki dariya.

Ku kuma masu karanta wannan, ba na ce ku yi kuka ba. A duk inda kuke aiki akwai mai yin wani abu da ba a rubuta a takardarsa ba, kuma abin nan ne ke riƙe da wurin. Ku sauka ku gani tun yana nan. Kafin ku zubar da kwanon wani, ku tambaya daga ina ya fito. In kuma an ci talotalo a gidanku, ku fasa ƙashin, ku sa a ruwan sanyi, ku rage wuta. Akwai mara lafiya a layinku, ko ba ku sani ba.

A mota, da muka kusa gidanta, na ce, "Inna, ba za su bari ki shiga kicin ba."

"Na ce zan shiga? Dokar taki ta hana dangi kawo abinci daga gida?"

"A'a. Kicin kawai ta shafa."

"To daga yau matar gado na huɗu 'yata ce. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye ta, in tana iya magana."

Na tsaya a ƙofar gidan. Ta sauka da ledar, ta karɓi tukunya da ludayi da guduma, ta saƙale ƙyallayen a hammata. Na buɗe but zan ciro agogon.

"Bar shi nan," ta ce. "Ke ce mai buƙatarsa. Ƙarfe tara ki zo da fulas biyu, ki wanke su da ruwan zafi. Ɗaya nata, ba gishiri. Ɗaya na maigadi da wancan likitan mara kunya."

"Talotalon Talata fa? Ba za su ba ki ƙashi ba."

"Ba ni za su hana ba. Ke ce mai ofis."

Ta tura ƙofar da ƙafa, ta shiga, ta rufe. Na ji ta sa sakata, sannan na ji ƙarar famfo a cikin tukunya.

Gobe ƙarfe tara zan zo da fulas biyu. Litinin zan hau bene in ce a cire doka ta goma sha huɗu, kuma zan faɗi dalili a rubuce, da sa hannuna a ƙasa, inda na sa shi a karon farko.