Ɓerayen Likita da Ƙafafun 'Yata

Ni mahauci ne a unguwar Ogui kafin rikici ya kore mu daga Inugu. Cikin masu sayen kayana har da wani likitan dabbobi, Ibo haifaffen Jos. Ba ruwansa da tsoka, laka da ƙwaƙwalwa kawai yake saye. Nakan tsokane shi cewa da haka yake rowar cefane.

Ranar da na kai masa kaya ɗakin bincikensa na ga ɓerayen Masar a keji biyu. Na farko suna jan ƙafafun baya, na biyu suna ta tsalle. Ya ce duka ya yi musu allurar laka da aka dama da mai, sai jiki ya juya yana yaƙar jijiyoyinsa. Amma na keji na biyu ya riga ya ba su tataccen ruwan lakar, jikinsu ya saba da ita, ciwon bai kama su ba. Dariya na yi, na ce boko bai rasa aikin banza ba.

Ana tsakiyar rikici mahaukacin kare ya ciji 'yata. Aka yi ta yi mata allurar cibiya, ita ma ashe da ƙwaƙwalwar tunkiya ake haɗa ta. Ba a gama ba ƙafafunta suka fara mutuwa. Da na ga yadda take jan su, na tuna inda na taɓa ganin haka.

Mutanenmu na ta ɗaure kaya za a bi jirgin ƙasa zuwa Arewa, ni kuwa na goye ta na nufi wurin likita. Na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba sai mahaifina.

"Likita, ka dubi Allah ka ba ta ruwan da ka ba ɓerayen nan."

"Mai nama, tashi. Ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba. In ya kashe ta fa?"

"Na yafe."

"Ni ba zan iya ba."

Na zage shi, na yi kuka. Shi ma 'yan uwansa na Jos shiru, ba labari. Ya ce a daina allurar cibiyar, in hanzarta kar jirgi ya tashi. Shi ma tashi zai yi, don haka ya fitar da keji biyun waje ya buɗe.

Ɓerayen keji na biyu suka ruga cikin ciyawa da ƙafafunsu huɗu. Ban taɓa yi wa dabba hassada ba sai ranar. Daga bayana yarinyar ta ce, "Baba, sauke ni in kamo ɗaya."