Ƙofar da Inna Ba Ta Buɗe Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Rabi, wadda muke kira Inna. Allah ya jiƙanta. Ba zan cika muku kunne da irin yabon da kowace 'ya take yi wa uwarta ba. Labari ɗaya zan bayar, kuma daki-daki zan bi shi, domin Inna ba ta son a fara magana daga tsakiya.

A Setapak muke zaune, cikin Kuala Lumpur, inda maigidana yake karatun digiri na uku. Da cikina ya tsufa, Inna ta taso daga Kano don ta yi mini wankan jego. Ta baro mahaifinmu, Malam, da alƙawarin ana yin arba'in za ta koma. Maigidana kuma ya je gida tattaro bayanan bincikensa, da niyyar ya dawo kafin in haihu. Sai korona ta sauka, aka rufe iyakoki, aka sa dokar kulle. Shi ya maƙale can, ita ta maƙale nan. Gida ya rage daga ni sai Inna sai jaririya.

Benen da muke ciki bangonsa kauri gare shi, wayar hannu ba ta kamawa sai an fita matakala, can ɗin ma da ƙyar. Shi ya sa maigidana ya shiga hannun wani kamfani mai sayar da abu uku a igiya ɗaya: talabijin, intanet da wayar gida. Sun ce sauƙi ne. Abin da ba su faɗa ba shi ne, ranar da igiyar ta mutu, duka ukun tare ake binne su.

Kunnen Inna ya yi nauyi. Don haka kullum da la'asar, lokacin hantsi ne a Kano, yayana Sani yakan kafa waya a gaban Malam, mu kuma mu haɗa kiran da talabijin mu ƙure murya. Inna ta gyara mayafi ta zauna a tabarma kamar mai zuwa gaisuwa. Hirar ba ta sauyawa: ya sha magani, wa ya tuƙa masa tuwo, an ba awaki dusa. A makon da Malam ya kwanta ciwo, a makon igiyar ta mutu.

Maƙwabciyarmu Maman Iman, 'yar Gusau, ta fi ni Turanci, ita ta riƙa kira mana kamfanin daga matakala. Da farko na'ura ce take amsawa, ta ce a danna wannan, a danna wancan, sannan ta sa miki kiɗa kamar biki kika zo. Bayan nan wata yarinya ta ɗauka ta ce ba za su yi magana da kowa ba sai mai layin. Aka ce mata yana Najeriya. Ta ce to ya zo ofishinsu. Ofishin da su da kansu suka garƙame saboda kulle. Sai da maigidana ya kira su daga Kano sannan suka ce boleh, wato ba komai, za su turo mai gyara, kuma za su bugo kafin ya zo.

Sun cika alƙawari, sun bugo. Wayar gida suka buga. Ita dai wannan da ta mutu, wadda saboda ita ake neman mai gyaran. Mutanen da sana'arsu ke nan, waɗanda ke da ofisoshi masu gilashi da ma'aikata masu rataye da kati a wuya, su ne suka kira mataccen layi don su sanar da shi za a zo tayar da shi. Har yau in na tuna ba dariya nake yi ba, tsaki nake ja.

Ranar da mutumin ya zo, na kai jaririya asibiti a duba ta saboda shawara. Inna ce kaɗai a gida. Da na dawo ta tare ni da labari.

"Wani ƙato ya zo yana dukan ƙofa kamar an aiko shi ya ɓalle ta. Fuska a rufe da takunkumi, ko sallama babu. Na ce masa maigidan ba ya nan. Ya yi ta yarensa, na sake faɗa masa da ƙarfi, ya tafi."

Na ce, "Inna, ai mai gyara ne."

Ta dubi talabijin ɗin da ya yi baƙi. Can ta ce, "Dije, nan gidan surukina ne, ba nawa ba. Ba ya nan. Da izinin wa zan shigo masa da namiji?"

Na ji daga baya wasu matan Setapak suna kiran wannan ƙauyanci. Su riƙe wayewarsu. Tsohuwa ita kaɗai a ƙasar da ba ta jin yarenta, ba a sanar da ita kowa zai zo ba, ta tsare gidan da aka bar mata amana. Ba ta yi laifin komai ba. Kamfani kuwa ya rubuta cewa mu muka ƙi karɓar gyara, ya mayar da mu ƙarshen layi.

Inna ba ta zagi kowa ba. Tsari ta yi. Da farko ta sa na nemi izinin maigidana ta waya. Sannan ta aika wa mijin Maman Iman cewa in mutumin ya dawo ya zo ya tsaya. Sannan kowace safiya, in ta gama yi mini wanka, sai ta sa hijabi, ta buɗe ƙofar katako ta bar ta ƙarfen a rufe, ta ajiye kujera, ta ajiye faranti da gorar ruwan sanyi da kofi, domin ba a sa mutum aiki a gidanka bai jiƙa maƙoshi ba. Nan take zama da carbinta har la'asar. Duk wanda ta hango a baranda sai ta miƙe. Ruwan ya yi ɗumi, ta sauya wani.

Da la'asar sai mu fita matakala da wayar hannu. Murya tana zuwa gutsi-gutsi, ta Malam kuma ta riga ta dishe. A ranar ƙarshe Yaya Sani ya ce jiki ya yi tsanani, a ba Inna. Ta manna wayar a kunne da hannu biyu, ta ce, "Malam, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini." Wayar ta yi ƙara-ƙara. Ta juyo gare ni tana tambaya, "Me ya ce? Dije, me ya ce?" Layin ya yanke. Muka yi ta kira bai shiga ba. Kafin la'asar ta sake zagayowa an kai Malam makwancinsa.

Yaya Sani ya rantse mata cewa Malam ya amsa, ya ce ya yafe, har ya ambaci sunanta. Ta ce, "Kai ka ji. Ni ban ji ba." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma na san ba ta ajiye ta ba.

Tana cikin takaba mai gyara ya dawo. Ko shi ne na farko ko wani ne, ban sani ba. Bai ma hau sama ba. Wani akwati ya buɗe a ƙasan bene, kusa da inda ake ajiye motoci, ya ɗan taɓa, sai ga talabijin ya kama da kansa a falo. Ya hawo ne kawai ya ce an gama. Ashe tun farko matsalar ba a cikin gidanmu take ba. Ba ya bukatar Inna ta buɗe masa ƙofa, ba ya bukatar izinin kowa. Da tun ranar farko ya leƙa akwatin nan kafin ya hau dukan ƙofa, da Inna ta ga fuskar mijinta, ta ji amsarsa da kunnenta.

Ina tsaye ina kallonsa, raina yana tafasa, sai na ji muryarta daga ɗaki: "Dije, a ba shi ruwa." Na yi kamar ban ji ba. Ta ce, "Ɗan aike ne. Ba shi." Na ba shi. Bai kai ƙasa ba saƙon kamfani ya shigo, wai mu ba su taurari gwargwadon yadda muka ji daɗin hidimarsu.

Yanzu kulle ya zama labari. Kantunan yadi sun sake cika, jirgin ƙasa ya koma cunkosonsa. A tasha nakan ga tallar kamfanin nan, wata tsohuwa tana washe baki ga jikanta a fuskar talabijin, wai su masu haɗa zumunci. An ce ma sun ci gaba, yanzu wata na'ura ce take amsa saƙo, tana ba ka haƙuri tun kafin ka faɗi abin da aka yi maka. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce. Ina jin ba za ta yi mamakin na'urar ba. Cewa za ta yi haƙurin da aka bayar ba a saurari laifi ba, ba haƙuri ba ne, sallamar mutum ce kawai. Sannan ta tambaya ko sun koyi sanar da mutane kafin su zo musu gida.

A wurinsu magana ta ƙare da zarar sun buga, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. A wurin Inna magana ba ta ƙarewa sai wanda aka yi dominsa ya ji. Wannan ne gadon da ta bar mini, kuma a kansa nake tarbiyyar 'yar nan da ta yi wa wankan farko. In na aike ta, sai ta maimaita mini aiken. In ta ɓata wa wani, ba ta ba da haƙuri daga bakin ƙofa tana tafiya.

Inna ta koma Kano da aka buɗe hanya, shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da ita. Da ta ji jikinta, sai ta sa aka tara mata 'ya'yanta, daga babba zuwa ƙarami, kowa ya kawo bakinsa saitin kunnenta. Ni ina nan Setapak. Da aka zo kaina, Yaya Sani ya manna mata waya. Ta nemi yafiyata, na nemi tata, na ce na yafe.

Ta ce, "Ɗaga murya."

Na ɗaga har jaririyar da ta zama yarinya ta tsorata.

Ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta ce, "To. Na ji."