Dokin Tamu Wanzami

Tamu wanzami ne ɗan wanzami, a Sabiyal ta ƙasar Aliero. Tun yana saurayi mahaifinsa ya miƙa masa zabira da asake da ƙaho, ya kuma bar masa garuruwan da gidansu ke yi wa aiki: Kashin Zama da rugagen da ke bayanta, har can Andarai ta wajen Maiyama. Askin suna, kaciya, cire beli, duk shi ake nema. Siririn mutum ne marar yawan magana, in yana aiki ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya ɗaga aska.

Dokinsa baƙi ne wuluk, ya saye shi yana dukushi a kasuwar Jega. Lokacin da sa'o'insa suka koma hawan babur, Tamu ya ƙi. Ya ce babur na girgiza hannu, shi kuwa da hannunsa yake ci. Haka suka yi ta zagaya ƙauyuka tare har dokin ya san ƙofar duk gidan da aka taɓa haihuwa, yakan tsaya da kansa ba a ja linzami ba. Sun tsufa tare. Haƙoran dokin suka cinye, gurbin idanunsa ya zurma, har sai da Tasalla matar Tamu ta riƙa jiƙa masa dusa da kanwa don ya iya haɗiya.

A tsakiyar wata damina, Tamu na dawowa daga suna a Kashin Zama, ya yanko ta fadama. Ciyawa ta rufe wata tsohuwar rijiyar masu noman albasa. Ƙafar dokin ta gaba ta rufta ciki. Tamu ya faɗa cikin laka bai ji ciwo ba, amma ya ji ƙarar da ƙashin ya yi, ya kuma gane ta. Da ƙafa uku suka ƙaraso gida, yana tafe yana tallafe masa wuya.

Maɗori ya zo ya ɗaure, amma ƙashin ya riga ya huda fata, doki kuwa ba ya kwanciya ya yi jinya kamar mutum. Ɗaurin ya kwance. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta fara wari, ƙudaje suka cika bargar. Dokin ya daina cin dusa, sai gumi yake yi yana karkarwa. Wata safiya Tasalla ta fito shara ta ga ungulaye a kan kukar bayan gida. An yi shekaru ba a ga ungulu a Sabiyal ba. Ba ta gaya wa mijinta ba.

Labari ya kai Jega. Sai ga Sharif a motarsa a-kori-kura. Sharif dillali ne, yana bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin dawakai da jakuna, a loda su a tirela a kai kudu inda ake cin namansu. Ya durƙusa ya gaida Tamu, ya leƙa barga yana toshe hanci da gefen hula.

"Baba, wanga doki ya gama aikinai. Ka bar min shi in ɗauke maka wahala."

Tamu ya tambaye shi yadda doki mai ƙafa uku zai hau tirela. Sharif ya ce akwai igiya, akwai ƙarti. Tamu ya taɓa ganin lodin nan a Jega. Ya ga yadda ake jan wanda ya kasa tashi, da yadda ake cusa su babu ruwa babu wurin juyawa, tafiya mai nisa a gabansu. Bai bari Sharif ya yi tayi ba, ya ce dokin ba na sayarwa ba ne. Sharif ya yi murmushi ya fita, amma bai yi nisa ba. Kullum da hantsi sai a ga motarsa a gindin kukar nan, yana zaune a kanta yana cin goro.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wasu dattawa suka ce a ja shi daji a sake shi kamar yadda ake yi a da, Allah ya yi ikonsa. Tamu ya tuna karnukan da ke yawo a bayan gari, ya girgiza kai. Ya je wurin liman, liman ya ce malamai sun halatta a yanka dabba don a hutar da ita in an fid da rai da warkewarta. Tamu ya dawo ya zauna yana lissafa abin da yanka ke bukata: a ɗaure ƙafafu, a kayar da shi a kan karayar, maza su danne shi, yana gani yana jin kome. Ya dubi hannunsa da ya yi rayuwarsa yana riƙe aska, ya san ba zai iya ba.

Ya aika aka kira Zubaida, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi da ke Aliero, wadda shi ya yi mata askin suna. Ta duba ƙafar ba ta daɗe ba, ta ce ba za ta ɗoru ba, rubewa ta hau sama. Ta ce akwai allurar da ke sa doki barci har zuciyarsa ta tsaya, sai dai ba ta da ita a hannu, sai an aika Birnin Kebbi, kuma ba ta san ranar da za ta iso ba. Abin da take da shi na kwantar da hankali ne kawai.

"To mi ya rage?" in ji Tamu.

"Harsashi guda a goshi, Baba, in an sa shi daidai. Ba za ya ji ko ƙarar ba."

Nan maganar ta yi nauyi. A shekarun nan ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce. Labaran masu satar mutane sun sa ko tayar mota ta fashe a titin Jega sai ka ga mata sun goya yara sun nufi gonakin gero. Mai gari ya hana harbi a cikin gari da kewaye, ko na farauta. Tamu ya je ya zauna a zaurensa har ya yarda, bisa sharaɗin a sanar da kowa tukuna. Aka faɗa a lasifikar masallaci, aka buga waya Kashin Zama da ƙauyukan kusa: gobe da hantsi za a ji harbi ɗaya daga Sabiyal, dokin wanzami ne, kada kowa ya gudu.

Tasalla na tankaɗe lokacin da sanarwar ta tashi. Ta ajiye rariya.

"Malam, in wasu sunka ji wagga sanarwa, sunka taho da nasu bindigogi a daidai lokacin, wa za ya gudu?"

Tamu ya tashi ya shiga barga. Dokin na tsaye ya jingina da bango, ƙafar na lilo, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya daɗe a can. Da ya fito sai ya wuce gidan Sirajo.

Sirajo maharbi ne, yana kuma cikin 'yan bangar gari, shi ke da bindiga mai baki ɗaya da za a iya dogara da ita. Da farko ya noƙe, ya ce shi bai taɓa harbin abin da ya san shi ba, dokin nan kuwa yana cin ciyawa a hannunsa. Tamu ya ce don haka ne ya zo wurinsa.

Gari ya waye da hadari a gabas, baƙi ƙirin, ko iska babu. Ba wanda ya tafi gona. Maƙwabta sun haƙa rami mai zurfi a tudun bayan gida, 'yan banga sun tsaya a hanyoyin shigowa gari suna duban nesa. Mata sun tara yara a ɗaki. Aka fito da dokin a hankali zuwa bakin ramin. Zubaida ta yi masa allura, jim kaɗan kansa ya sunkuya, karkarwar ta lafa. Ta ja layi da yatsa daga kowane kunne zuwa idon ɗaya ɓarin, ta nuna ɗan sama da inda suka haɗu. Tamu ya buɗe zabira ya ciro aska, ya aske gashin wurin, ya ɗiga farar ƙasa. Ya ba dokin kanwa ya lasa, ya koma gefe riƙe da ragama, yana yi masa 'yar muryar da yakan yi in za su tsallaka ruwa.

Sirajo ya yi bisimilla ya harba.

Dokin ya zube nan take. Ƙafafunsa na baya suka ɗan motsa, Zubaida ta taɓa ƙwayar idonsa, bai ƙifta ba. Ta ce ya tafi, motsin nan ba ciwo ba ne. Duk wanda ke wurin ya karkata kunne waje, gari ya yi tsit, ana jiran ko za a ji na biyu daga wani gefe. Ba a ji ba. Can sai karnuka suka soma haushi, wani jariri ya fashe da kuka.

Sharif ya sauko daga motarsa ya roƙi a ba shi ko fata da wutsiya. Tamu ya ce a tura ƙasa. Suna gama binnewa ruwa ya sauko.

Da yamma aka ji cewa akwai wata ruga da ta sauka kwanan nan a gefen fadama, sanarwa ba ta kai gare su ba. Da suka ji harbi suka kora shanunsu a guje, suka ratsa gonakin gero suka tattake. Masu gonakin suka fito da sanduna, saura kaɗan a zub da jini. Tamu ya taka da ƙafa cikin laka ya je rugar, ya je gidajen manoman, ya ce harbin nasa ne, a ɗora masa. Sai da mai gari da arɗo suka zauna kafin wutar ta mutu, kuma akwai gidan da har yau ba su sake kiransa aski ba.

Tun daga lokacin Tamu bai koma Andarai ba, tafiyar ta fi ƙarfin gwiwarsa. Wani wanzami daga Maiyama ya karɓi garuruwan can. Na kusa sukan aiko masa da ɗan kabu-kabu a kan babur, ya hau baya ya rungume zabira, in sun isa ya nemi a ba shi tabarma ya zauna tukuna har hannunsa ya natsu, sannan a miƙo masa jariri.