Anini a Kufan Kasuwa

Ina koyarwa a wata firamare a Kalgo lokacin da na sayi na'urar gano ƙarfe a hannun wani tsohon soja. Sanda ce mai faifai a gindi, da abin sawa a kunne. In faifan ya ratsa inda ƙarfe yake binne, sai ka ji ta yi kuka. Tun ina yaro nake tara tsofaffin kuɗi cikin gwangwanin madara, anini da kwabo mai huji da sisi, ga shi yanzu na sami mai nuna mini inda ƙasa ta ɓoye sauran.

Da an cire gero, ran Asabar sai in hau babur in nufi garinmu Gwandu, in zarce wani ƙauye kusa da Maruda. Can wani manomi ya bar ni ina binciken gonarsa, inda kasuwa ta taɓa ci zamanin kakanninsa. Mafi yawan abin da nake tonowa ƙusa ce da guntun fartanya. Mutane kan tsaya bakin hanya suna dariya, ban kula ba.

Sai magana ta canza, aka ce layun tsarin gari nake tonewa. Mai gari ya aiko kirana. Yayana ya tare ni a ƙofar gida, ransa a ɓace.

"Malam guda da kai, kana yawo gonakin mutane kamar kaza? Jefa wanga abu rijiya, ka hutar da mu."

Na ce, "Yaya, ban saci na kowa ba. Da na'urar za ni wurin mai gari."

A zauren mai gari na zazzage gwangwanin a kan tabarma. Wani dattijo ya ɗauki anini, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe bai ajiye ba. Mai gari ya ce, "To mi za ka yi da kuɗin da ba su sayen ko ƙuli?"

"Ranka shi daɗe, iyayenmu sun yi gumi a kansu. Ba na barin su ruɓe a ƙasa. In akwai wanda na tone wa laya, ga ni, ya faɗa."

Mai gari ya yanke cewa in riƙa neman izinin mai gona, in kuma cike duk ramin da na haƙa, abin da dama nake yi. Duk da haka gonaki da yawa suka rufu gare ni, yayana kuma har ya rasu bai yarda ya dubi kuɗin ba.

Na ci gaba shekara da shekaru, har na'urar ta mutu, aka rasa mai gyara ta har Sakkwato. Daga nan sai na koma jiran ruwan farko. In ya wanke ƙasa, in bi kunya-kunya a duƙe, ina nema da ido.