Ɗan Aljihun da Aka Toshe a Zuciyata

Shekarun baya, lokacin idona yana iya zura zare a allura, zuciyata ta fara ɓata lugude. Kun san yadda mata biyu ke daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. To tawa sai ta koma kamar an sa baƙuwa a dakan: ta buga, ta tsaya kallon sama, sannan ta zubo a guje.

Likita a Kazaure ya ce ba bugun ne abin tsoro ba. Wai akwai wani ɗan aljihu a gefen zuciya, in bugu ya rikice jini yakan kwanta a ciki ya daskare, ran da gudan ya ɓalle ya hau kai, sai shanyewar ɓarin jiki. Ya ba ni maganin tsinka jini. Jikina ya ƙi shi. In na yi asuwaki jini, in na sunkuya haɓo, har sai da aka kwantar da ni aka yi mini ƙarin jini.

Sai ɗana ya zo da zancen wani aiki da ake yi a wani asibiti mai nisa. A bi ta jijiyar cinya da ɗan murfi, a toshe bakin aljihun, a huta da maganin. Na ce ban yarda ba. Aljihun da Allah ya ɗinka, ban ma san abin da na ajiye a ciki ba, a rufe mini shi? Ya yi dariya, ya ce Inna ai ba goro ba ne a ciki.

Na hau mota zuwa Roni wajen yayata. Ita ciwon shanyewar ya riga ya kayar da ita, ya tafi da hannunta da bakinta, matar da in ta fara tatsuniya har awaki kan yi shiru. Na zauna bakin gadonta na kwashe komai na faɗa mata.

Na ce, "Yaya, tsoro nake ji. In na je, ban san me zan tarar ba. In na zauna kuma..."

Ban ƙarasa ba. Sai ta zura ƙafarta mai lafiya ƙarƙashin gado, ta turo mini takalmanta na unguwa, waɗanda tun faɗuwarta ba su taka ƙasa ba.

Da su na shiga jirgi. Labarin aikin kuwa kaɗan na riƙe: fitilu farare, sanyi, sai na ga kamar ina tafe bisa duwatsun garinmu bayan ruwa ya ɗauke, ƙafata ba ta taɓa su. Da na farka na shiga kiran sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, don in ji ko harshena yana nan. Mai jinyar ba ta jin Hausa, ta zaci addu'a nake, ta riƙa cewa amin.

Na ɗan sha wasu ƙwayoyi, daga baya aka ce in bari. Zuciyar har gobe tana tuntuɓe, dama ba su yi alkawarin gyara bugun ba. Yayata ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa, ba ta sake furta ko kalma ba. Ni aka bar wa baki, kuma na san ba nawa ni kaɗai ba ne. Shi ya sa in kun ji na cika surutu ku yi mini haƙuri, 'ya'yana. Na mutum biyu nake yi.